Yayana ya ce labarin da nake rubutawa tonon asirin gidanmu ne

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 24, ina ajin ƙarshe a kwalejin horon malamai. Mahaifiyarmu ta rasu wata 11 da suka wuce, bayan ta sha jinyar ciwon ƙoda kusan shekara 2, kuma ni na yi jinyarta, ni nake kai ta wankin ƙoda. Ba a cika wata 4 da rasuwarta ba Baba ya yi aure, amarya ta tare a ɗakin Umma. Duk wanda na buɗe baki zan gaya wa abin da ke raina sai ya ce in yi haƙuri, ƙaddara ce. Sai na koma rubutu a waya da daddare. Da farko wasiƙa nake rubuta wa Umma, daga baya abin ya zama labari, na canza sunaye, yanzu ya haura shafi 30. Wani lokaci in na rubuta sai in ji kamar an sauke min dutse daga ƙirji, wani lokaci kuma in yi ta kuka har asuba. Ƙawata ta karanta ta ce in fara saki a zauren marubuta na WhatsApp, zai karɓu. Yayana kuma ya gani a wayata, ransa ya ɓaci, ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, wannan tonon asirin gida ne da rashin yarda da ƙaddara, kuma duk wanda ya san mu zai gane Baba nake nufi. Anti, laifi nake yi? In daina ne, ko in saki?

Wa alaikumus salam 'yata. Allah Ya jiƙan Umma, Ya sa ciwon da ta sha ya zama kaffara, Ya sa can ta fi mata nan. Ke kuma Allah Ya saka miki da 'ya'yan da za su yi miki abin da kika yi mata. Wanda bai taɓa zama awa 4 a gefen injin wankin ƙoda yana kallon jinin mahaifiyarsa yana fita ta wannan roba yana komawa ta waccan ba, ba zai san kayan da kika ɗauka kina 'yar shekara 22 ba. Kin ɗauka, kin kai ƙarshe, sannan aka ce ki rufe baki. Dole abin ya nemi hanyar fita.

Tambaya biyu kika ɗaure wuri guda, kuma amsarsu ba ɗaya ba ce. Rubutun, kada ki daina. Sakin, kada ki yi yanzu.

Bari in fara cire miki tsoron da ya fi ci miki rai, wato ko rubutun nan rashin tawakkali ne. Annabi Yaƙubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi kukan rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari, da 'ya'yansa suka matsa masa sai ya ce shi ga Allah kaɗai yake kai ƙarar damuwarsa da baƙin cikinsa. Shi ne kuma mai haƙuri kyakkyawa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ranar da ɗansa Ibrahim yake barin duniya hawaye suka zubo masa, ya ce ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu Ya yarda da shi. Ki lura, bai ɓoye cewa yana baƙin ciki ba, ya faɗa da bakinsa. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yage tufafi da tuhumar Allah a kan hukuncinSa.

A ƙasar nan tamu ma akwai wadda ta riga ki. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, malama ce ta malamai, kuma wani babban kaso na waƙoƙinta marsiyya ne, wato waƙar makoki. Ta yi wa ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ya rasu a 1837, ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo, ta yi wa aminiyarta A'isha. A cikin ta A'isha har ta amsa wa masu irin maganar yayanki, ta ce yin marsiyya ba zunubi ba ne, Annabi bai hana hawayen tausayi da bege ba, ihu ya hana. Idan 'yar Shehu ta zauna da alƙalami da tawada ta rubuta kewarta, ke ba ki ƙirƙiro wani baƙon abu ba.

Kuma matan da ba su iya ko bihim ba su ma suna da nasu littafin: turmi da dutsen niƙa. Ina ƙarama na sha zama kusa da kakata tana surfe. Mace ce mai kunya da kawaici, ko sunan ɗanta na fari ba ta faɗa, amma da ta ɗaga taɓarya sai waƙa ta ɓalle, kowace saukar taɓarya da kalmarta. A nan za ki ji labarin kishiya, da uwar miji, da ɗan da ya tafi cin rani bai aiko ba. Ba ta ambaton sunan kowa. Idan ta gama sai ta share gumi da bakin zane, ta ɗauki faifai ta hau bakace kamar ba ita ba. Na girma kafin na gane cewa waƙar ce take hana ta fashewa. Yau injin niƙa ya karɓe turmin, waya ta maye gurbinsa. Abin da kike yi da daddare shi ne waƙar dakanki.

Yanzu ga abin da kika ce, wata rana sauƙi, wata rana kuka har asuba. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura da wannan. A wani bincike da aka buga a 1986, wani malamin jami'a a jihar Texas ta Amurka, James Pennebaker, tare da ɗalibarsa Sandra Beall, suka sa ɗalibai 46 yin rubutu na minti 15 kwana 4 a jere. Wasu aka ce su rubuta abubuwan yau da kullum marasa nauyi, wasu kuma abin da ya fi ƙona musu rai a rayuwa. Waɗanda suka rubuta abin da ya faru haɗe da yadda suka ji a zuciya, da sun ajiye biro sai ransu ya ƙara dagulewa, har jininsu ya ɗan hau. Amma a cikin wata 6 da suka biyo baya, zuwansu asibitin makaranta bai kai na sauran ba. Binciken da ya biyo baya ya nuna wani abu da ya fi wannan amfani gare ki: waɗanda suka fi samun sauƙi su ne waɗanda rubutunsu yake motsi daga rana zuwa rana, kalmomi irin su "saboda" da "yanzu na gane" suna ƙaruwa, kuma suna iya barin "ni, ni, ni" su leƙa ta idon wani. Wanda kullum yake maimaita zance ɗaya da kalmomi ɗaya, gyambonsa kawai yake famawa. Kada kuma in yi miki alƙawarin da ba zai cika ba: amfanin da aka gani matsakaici ne, kuma da aka gwada a Holan kan mutanen da mazansu ko matansu suka rasu, rubutun bai gajarta musu zaman baƙin ciki ba. Biro ba ya goge kewar uwa. Abin da yake yi shi ne ya warware miki zaren da ya cukurkuɗe, ki ga wanne ne kewa, wanne ne gajiya, wanne ne fushi, kuma da wa kike fushin.

Saboda haka ki canza yadda kike yi. Dare mugun abokin rubutu ne ga mai baƙin ciki, ba shi da bango, kina shiga ba ki san inda za ki tsaya ba. Ki mayar da shi bayan la'asar, ki sa wa kanki minti 20, idan kiran magariba ya zo ki rufe ki tashi ki shiga cikin mutane. Ki sayi littafin rubutu na makaranta, ki bar wayar, domin littafi ba ya da maɓallin turawa, kuma hannu ya fi yatsa jinkiri, jinkirin nan kuwa alheri ne. Ranar da kika taɓo wani wuri kika ji numfashinki yana sarƙewa, ki ajiye, ki koma wani shafi. Ba jarrabawa ba ce, ba wanda zai karɓi takarda.

Sannan ki rage faɗin sunan abin da kike ji, ki rubuta abin da idonki ya gani. Lokacin da mahaifina ya rasu na cika shafuka da "na shiga baƙin ciki marar misaltuwa", ina rubutawa amma ba abin da ya motsa a ƙirjina, kamar ina cika takardar ofis. Sai wata rana na rubuta cewa rediyonsa tana nan a kan taga, eriyar a karye ya ɗaure ta da zaren buhu, kuma alurar tana tsaye a tashar da ya saurari labaran safe na ƙarshe, ba wanda ya iya murɗa ta. A kan wannan layin na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza, kuma daga ranar barci ya fara dawo min. Ke ma kina da irin waɗannan. Ƙaramin kofin da ake auna mata ruwa da shi tunda likita ya taƙaita mata sha, da yadda take kallonki in ƙishi ya dame ta. Mayafin da take rufa da shi saboda sanyin ɗakin wankin. Abin da take ce miki a cikin adaidaita sahu a hanyar dawowa. Su za ki bi. Su ne kuma, in an je ga batun adabi, suke raba rubutun da ke kama mai karatu da wanda ake mantawa.

Sai mu zo kan Baba, domin a ganina nan ne ƙullin wasiƙarki yake. Ba zan ce miki abin da ya yi ba ciwo ba. Shari'a ba ta ɗora wa namiji takaba ba, aurensa halal ne, amma halal ma yana iya yi wa wani zafi, kuma ganin wata mace tana shimfiɗa a ɗakin da kika yi jinyar uwarki, wata 4 kacal, abu ne da zai soki kowace 'ya. Da an tambaye ni da na ce a ba yaran lokaci, ko a gyara wani ɗakin. Ki rubuta wannan fushin yadda yake, kada ki yi masa kwalliya, littafinki ne.

Amma in kin gama, ga aikin da nake so ki gwada, kuma shi ne mafi wuya. Ki ɗauki mahaifin da ke cikin labarinki ki ba shi babi guda, shi yake magana da bakinsa, yana cewa "ni". Ki bi shi daren da aka dawo daga maƙabarta, bayan 'yan zaman makoki sun watse. Ina ya kwanta? Wa ya tambaye shi ko ya ci abinci? Wankin ƙoda sau 2 ko 3 ake yi a mako, kuma kowane zuwa kuɗi ne masu nauyi. Daga ina suke fitowa shekara 2, me ya sayar, wa ya roƙa, wa ya juya masa baya? Su wa suka zauna da shi a zaure suna cewa dattijo kamarsa bai kamata ya zauna ba mace ba? Ba na ce zai fito da gaskiya ba, wataƙila ki gama babin ki tarar har yanzu ya yi gaggawa. Sai dai za ki tarar da mutum a wurin, mai rauni da tsoron kaɗaici, maimakon gunkin da kika kafa don jifa. Wannan ita ce baiwar da ƙagaggen labari yake da ita wadda wasiƙa ba ta da ita: yana ba ki izinin shiga rigar wanda kike fushi da shi ki ji inda take matse shi. Ranar da kika iya rubuta wannan babin ba ki yi masa zambo ba, ki san labarinki ya fara nuna. In kin kasa yau, ki bar shafin fari, ki dawo bayan wata biyu.

Dalilin da ya sa na ce kada ki saki yanzu ke nan. Ƙawarki da kyakkyawar niyya ta faɗa, kuma na yarda zai karɓu, domin abin da aka rubuta da hawaye yana da maganaɗisu. Amma na san zaurukan nan. Kina sakin shafi na farko za a fara "ci gaba don Allah", kullum ana jiranki, ranar da zuciyarki ba ta iya ɗauka ma sai kin matso wani abu. Masu sharhi kuma za su kama uban labarin da amaryarsa da tsinuwa, wannan ta ce Allah Ya isa, waccan ta ce a kashe matar a babi na gaba. Ki tsaya ki hango kanki kina karanta baƙi suna zagin mahaifinki, da safe kuma ki je ki durƙusa ki gaishe shi. Daɗin yabo zai ja ki ki ƙara gishiri a inda suka fi so, tun kina rubuta gaskiyarki har ki koma rubuta abin da ke tara jama'a. Magana zarar bunu ce, ta intanet kuwa ta fi, domin kafin ki goge wata ta kwafa ta tura zaure goma, wata ta haɗa shi ta mayar littafi tana rabawa.

A nan yayanki yana da gaskiya, canza suna ba ya ɓoye kowa. Uwa mai ciwon ƙoda, 'ya mai jinya, aure bayan wata 4, amarya a ɗakin marigayiya: duk matar unguwarku da ta karanta shafi biyu ta gama ganewa. Annabi ya fassara giba da ambaton ɗan'uwanka da abin da yake ƙi, ko da abin gaskiya ne, kuma alƙalami harshe ne na biyu. Ita ma amaryar, wadda ba ki faɗi wani laifinta ba ban da shigowa ɗakin da aka nuna mata, tana da haƙƙi a kanki.

Wannan ba ya nufin labarin ba zai taɓa fita ba. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, sai daga baya ta koma karatu, kuma ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? shekaru masu yawa bayan abin ya wuce. Zafin nata ne, amma yarinyar labarin da gidansu da mijinta duk ginin marubuciya ne, shi ya sa dubban mata suka ga kansu a ciki maimakon su tsaya neman wa ake nufi. Haka ake yi. In lokacinki ya zo, ki rushe gidan ki sake gini da tubalinsa: wani gari, wata sana'a, wani ciwo, mai jinyar ma ta iya zama namiji. Abin da za ki riƙe shi ne abin da ba wanda ya sani sai wanda ya yi jinya, irin haushin da ke kama mutum da majinyacinsa tsakar dare da kunyar da ke biyo baya. Sannan kafin kowa ya gani, ki ba wani babba mai hankali da ya san gidanku ya karanta, ki tambaye shi abu ɗaya: ka gane mu a ciki?

Shi kuma yayanki, bai kyauta ba da ya karanta abin da ba a ba shi ba, kuma ya yi kuskure da ya kira shi rashin tawakkali. Duk da haka kada ki ɗauke shi abokin gaba. Shi ma uwa ya rasa, kuma ana tarbiyyar 'ya'yanmu maza a kan su haɗiye, har ya zama hawayen wani yana tsorata su. Ki same shi cikin natsuwa ki ce, "Yaya, na ji maganarka, ba zan saka shi ko'ina ba. Amma rubutun shi ne yake sa ni barci, ka bar min shi." In kin ga fuskarsa ta saki, ki karanta masa shafi ɗaya wanda ba Baba a ciki, Umma kaɗai. Ki kuma roƙi ƙawarki ta goge abin da kika tura mata.

Akwai iyakar da nake so ki sa wa ido. Kuka bayan wata 11 ba ciwo ba ne. Amma idan kika yi mako 2 ko fiye kusan kullum ba barci, abinci ba ya shiga, karatu ya gagara, abin da da yake faranta miki ya zama ba ɗanɗano, ko kika fara jin gara ki bi Umma, to wannan ya wuce aikin biro, alamun ciwon tsananin damuwa ne, kuma ana maganinsa. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya suna da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitocin tarayya na wannan fanni a Barnawa ta Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri. Zuwa can ba hauka ba ne. In tunanin cutar da kai ya zo, a ranar za ki gaya wa wani, kada ki jira gari ya waye. Ko ba wannan ma, ki nemi mutum guda mai rai da za ki riƙa yi wa magana, domin takarda tana saurare amma ba ta rungumar mutum.

Na lura da wani abu a wasiƙarki: duk inda Umma ta fito, a kwance take. Shekara 2 na jinya sun rufe miki sauran shekarunta, haka yake faruwa da masu jinya, fuskar ƙarshe ita ke tsayawa a ido. In kin samu hutun makaranta, ki ɗauki littafinki ki tafi wajen 'yan'uwanta mata, yayarta ko ƙanwarta ko ƙawarta ta ƙuruciya. Ki zauna a tabarma ki tambaye su wace irin yarinya ce, wa take tsokana a dandali, me ta yi ranar da aka kai ta ɗakin miji, me ta ce da aka miƙa mata ke a zanen goyo. Za su yi kuka, za su yi dariya, za su gaya miki abin da ba ki taɓa ji ba. Ki rubuta da kalmominsu, yadda suka faɗa, kada ki gyara musu Hausa. Ki tambayi Baba ma, wata rana da yamma in kin ga yana shi kaɗai, inda ya fara ganinta.

Allah Ya sanyaya miki, 'yata. Ki sake rubuto min bayan kin je.